Wa ke da ikon yafe wa No Man's Sky?

1/ Jama'a, zaren nan dogo ne, ku yi haƙuri. Magana ce a kan No Man's Sky, gem ɗin yawo a sararin samaniya wanda 'yan wasa suka yi wa ruwan zagi a 2016, yanzu kuma suke yi masa kirari. Ina son gem ɗin sosai. Amma yadda ake ba da labarinsa akwai abin da yake damuna, kuma abin ya shafi aljihunmu.

2/ Ga waɗanda ba su san shi ba. Wani ƙaramin kamfani ne mai suna Hello Games, a garin Guildford na Ingila, ya yi shi. Shugabansu Sean Murray. Lokacin da suke aikin, mutum goma sha wani abu ne kawai a ofishin. Kafin nan abin da aka san su da shi Joe Danger ne, gem ɗin wani mai wasa da babur.

3/ A Disamba 2013 suka fara nuna shi. Ɗan bidiyo ne gajere: mutum ya fito daga ruwa, ya hau jirginsa, ya keta gajimare, sai ga shi a sararin samaniya. Kafin watan ya ƙare ambaliya ta shiga ofishinsu ta lalata kayan aiki. Nan take tausayi ya haɗu da ɗoki, kowa ya koma ɗan goyon bayansu.

4/ Babban abin da ya ruɗa mutane shi ne girmansa. Duniyoyi 18,446,744,073,709,551,616. Ban yi kuskuren rubutu ba, haka lambar take. In za ka tsaya daƙiƙa ɗaya tak a kan kowace, sai ka yi shekara wajen biliyan 585 kafin ka gama zagaye. Ku ɗauko kalkuleta ku gwada.

5/ Ta yaya mutum goma sha za su zana wannan? Ba zana su suka yi ba. Lissafi suka rubuta. Kowace duniya tana da lambarta, sai na'urarka ta ɗauki lambar ta fitar da duwatsu, tsirrai, dabbobi da yanayi a daidai lokacin da ka iso. In ka tafi ta share. In wani ya zo, lamba ɗaya ce, don haka abin da ka gani shi zai gani.

6/ Sony ta ɗauki gem ɗin ta kai shi babban dandalinta na E3 a 2014. A Oktoba 2015 Murray har shirin Stephen Colbert ya je a Amurka. Yana magana a hankali, yana murmushi, kamar mai jin kunya. Duk tambayar da aka yi masa kan ko za a iya kaza a gem ɗin, da wuya ka ji ya ce a'a.

7/ Wadda ta fi jawo masa ita ce maganar haɗuwa. Ya nuna cewa 'yan wasa za su iya cin karo da juna, sai dai saboda girman wurin da wuya hakan ta faru. Ya ma ce ba za ka san kamanninka ba sai wani ya gan ka ya faɗa maka. Ku riƙe wannan, za mu dawo kanta.

8/ An so ya fito a Yuni 2016, aka ɗaga zuwa Agusta. Kan wannan jinkirin na 'yan makonni kawai wasu suka aika wa Murray barazanar kisa. Tun kafin kowa ya taɓa gem ɗin ke nan fa. Ina so mu tuna da wannan duk lokacin da muke cewa 'yan wasa ne aka zalunta. A cikinsu akwai waɗanda tun farko ba su da hankali.

9/ Ya fito ranar 9 ga Agusta 2016 a PS4, ranar 12 a kwamfuta. Dala 60, farashin manyan gem irin na kamfanoni masu ɗaruruwan ma'aikata. A Steam kaɗai sama da mutum 200,000 suka hau lokaci guda. Cikin 'yan makonni yawancinsu sun watse.

10/ A ranar farko wani ya iso wani wuri ya ga sunan wanda ya riga shi ganowa. Suka nemi juna, suka yi shawara, suka je duniya ɗaya, suka tsaya a wuri ɗaya, jama'a na kallo kai tsaye a intanet. Ba wanda ya ga ɗan uwansa. Abin da aka ce da wuya ya faru ya faru, kuma babu komai a wurin.

11/ Daga nan aka fara lissafi. Ina manyan tsutsotsin hamada da aka nuna a bidiyon 2013? Ina dabbobin nan masu kama da dinoso da ke kiwo a bakin ruwa? Wani ya haɗa tallan da abin da aka samu, ya ɗora masa kiɗan Jurassic Park da aka busa a karkace. Dabbar da ta fito kamar akuyar da aka haɗa da kayan gwanjo. Duniya ta sha dariya.

12/ Waɗanda suka daure suka kai tsakiyar taurarin, wanda shi ne burin tafiyar gaba ɗaya, abin da suka samu shi ne: hoto ya ja baya, aka jefa su wata sabuwar tarin taurari, jirgi a lalace, a sake daga farko. Ka yi tunanin awa sittin ko ɗari ka zuba kafin ka ga haka.

13/ Sharhin 'yan wasa a Steam ya yi ƙasa warwas. Mutane suka yi ta neman a mayar musu da kuɗi, amma dokar Steam ita ce kada ka wuce awa 2 kana wasa, kada kuma ka wuce kwana 14 da saye. Gem ne da sai ka yi awanni kafin ka gane duniyoyin maimaita juna suke yi. Kafin ka farga, ƙofa ta rufe.

14/ Har hukumar sa ido kan tallace-tallace ta Birtaniya aka kai ƙara, ƙorafi 23. A Nuwamba 2016 ta yanke cewa hotuna da bidiyon shafin Steam ba su kai yaudara ba. Masoya gem ɗin suna son kawo wannan. Amma shafin talla hukumar ta duba, ba hirarrakin da Murray ya yi shekara biyu yana yi ba.

15/ Hello Games kuwa suka yi gum. Wajen wata uku ba wani bayani na kirki. Mutane suka ce sun kwashe kuɗi sun gudu. Barazana ta yi yawa har sai da 'yan sanda suka shigo ciki. Sai a ƙarshen Nuwamba aka wayi gari da Foundation: yanzu za ka iya gina sansani, ka mallaki katon jirgin dakon kaya. Kyauta.

16/ Daga nan ba su tsaya ba. Maris 2017 motocin yawo a ƙasa. Agusta 2017 Atlas Rises, da labari na kusan awa 30. Yuli 2018 NEXT, inda a ƙarshe za ka ga abokinka da jikinsa ku yi wasa tare. 2019 Beyond da gilashin VR. 2020 Origins, sai ga tsutsotsin hamadar nan, shekara bakwai bayan an nuna su.

17/ Aka ƙaro kiwon dabbobi, shugabancin ƙauye, tafiye-tafiyen rukuni, har da kamun kifi a 2024. Ya shiga Xbox, Switch da Mac. A duk wannan ba su karɓi ko sisi daga wanda ya riga ya saya ba, babu kuma shagon sayen kaya da kuɗin gaske a ciki. A wannan zamanin wallahi abin a yaba ne.

18/ 'Yan wasa suka juya. A 2019 wasu suka yi karo-karo suka kama allon talla kusa da ofishin kamfanin a Guildford don kawai su ce sun gode. A 2020 ya ci kyautar gem mai ci gaba a The Game Awards, a 2022 BAFTA ta ba shi irinta. A ƙarshen 2024 kashi 80 na duk sharhin Steam ya zama yabo. Shekara takwas aka yi kafin a kai nan.

19/ To ni a ina na shigo? A ƙarshe-ƙarshe. A 2016 ina ƙaramar sakandare, ban ma san ana yi ba. Sai da na shiga jami'a na same shi a laftof ɗin abokin ɗakina, an riga an gyara, an yi masa fenti, an share gida. Ban biya dala 60 ba, ban jira shekara uku ina kallon talla ba.

20/ Kuma ya kama ni. Na farka a wata duniya mai guba, jirgi a fashe, rigar kariya tana ta ƙara tana gaya min ta kusa mutuwa. Ina gudu ina neman furen sodiyam mai ruwan ɗorawa don in caja ta, ina fasa duwatsu don in samu ƙarfen gyara. Minti talatin na farko ko numfashi ban yi da kyau ba.

21/ Lokacin da jirgin ya tashi, na ɗaga hancinsa sama, launin sama ya rikiɗe daga kore zuwa baƙi, wata katuwar duniya mai zobe ta bayyana a gabana, kiɗan 65daysofstatic na tashi a hankali. Shiru na yi. Abokin nawa ya ce, "Baaba, ya dai?" Na ce masa kawai ya bar ni.

22/ Abin da na fi so ma ba yaƙi ba ne. Koyon yare ne. Akwai jinsuna uku da kake fara haɗuwa da su: Gek 'yan kasuwa, Korvax masana, Vy'keen mayaƙa. Kalma ɗai-ɗai kake tsinta a jikin wasu duwatsu. Da farko maganarsu surutu ce kawai, a hankali sai ka fara tsintar abin da ake nufi. Duk wanda ya taɓa zama a garin da ba ya jin yarensu ya san wannan daɗin.

23/ Da na fara bibiyar abin da 'yan wasa ke cewa, sai na ga kusan gida huɗu ne. Gida na farko su ne masu wa'azi. Kullum maganarsu ita ce wannan ne tuba mafi girma a tarihin gem, duk wanda bai yafe ba mai riƙo ne. Su suka fi yawa yanzu, su suka fi ƙara.

24/ Gida na biyu waɗanda suka saya a 2016, suka ji an cuce su, suka rufe babin. Ba su dawo ba, ba su goge mummunan sharhinsu ba. In ka ce musu ai an gyara, sai su ce madalla, amma su abin da aka nuna musu suka biya wa kuɗi a ranar, ba alkawarin shekara biyu masu zuwa ba.

25/ Gida na uku su suka fi ba ni mamaki. Sun fi son na 2016. A wurinsu kaɗaicin shi ne gem ɗin: kai kaɗai, duniya ba kowa, ba gini, ba hayaniya. Yanzu ka shiga Space Anomaly ka tarar da mutane cike suna ta nuna jirage, wani ma ya zuba maka kaya masu tsada kyauta ya ɓata maka wahalar nema. Suna jin an karɓe musu abu an ba wasu.

26/ Gida na huɗu suna cewa faɗi ne kawai, ba zurfi. Ka haƙo, ka haɗa, ka sayar, ka sayi babban jirgi don ka ƙara haƙowa. Bayan awa arba'in ka gane kan wannan dabbar ka gan shi a jikin wata. Yaƙin da Sentinels bai da wani armashi. Gaskiya ina tare da su rabi, ni ma akwai daren da na ji kamar aikin ofis nake yi.

27/ Rigimata da gida na farko ce, duk da cewa a zahiri nan ya kamata a same ni. Na lura da yawa daga masu cewa "mun yafe" irina ne: sun zo bayan NEXT, sun saya a ragi, ko sun same shi a Game Pass. To me aka yi mana da za mu yafe?

28/ In wani ya ci bashin maƙwabcinka ya ƙi biya a kan lokaci, daga baya ya zo ya gina rijiya a unguwa kowa na sha, kai mai shan ruwa kana iya yi masa addu'a. Amma ba kai za ka ce bashi ya faɗi ba. Mai bashi ne kaɗai ke da wannan bakin. In ya yafe, alheri ne. In ya ƙi, haƙƙinsa ne.

29/ Mun yi wannan musun da abokin ɗakina har wajen ƙarfe biyu na dare. Ya ce, "Malam, mutumin nan ya biya har da riba, me kuma ake nema?" Na ce riba ga wa? Wanda ya saya a 2016 yana ɗalibi mai lokaci, a 2018 wataƙila yana aiki, ya sayar da PS4 ɗinsa. Gyaran ya zo, shi kuma ba ya nan.

30/ Ya ce to ai sharhin nasu na 2016 yana ɓata wa gem ɗin suna, bai dace da abin da ke ƙasa yanzu ba. Nan na ba shi rabin gaskiya. Shi ya sa Steam ke raba sharhin kwanan nan da na gaba ɗaya, kuma kowane sharhi da kwanan watansa. Tsohon yana ba ka labarin yadda aka sayar, sabon yana ba ka labarin abin da za ka samu yau. Mai saye yana buƙatar duka biyun.

31/ Abin da ya sa na damu shi ne darasin da ake ɗauka. Ana ba da labarin kamar tatsuniya mai daɗin ƙarshe, har ya zama duk gem ɗin da ya fito a karye sai ka ji an ce a yi haƙuri, zai yi irin ta No Man's Sky. Wato mu biya cikakken kuɗi yau, mu karɓi kaya in Allah ya kai mu.

32/ Ku duba Cyberpunk 2077. Ya fito a Disamba 2020 a lalace a PS4, har Sony ta cire shi daga shagonta, sai Yuni 2021 ya dawo. Shi ma an gyara, shi ma yanzu yabo ake yi. Amma ku duba Anthem na BioWare, 2019. An yi alkawarin sake gina shi, a Fabrairu 2021 aka ce an fasa. Waɗanda suka yi haƙuri a nan me suka samu?

33/ Hello Games sun iya gyara ne saboda dalilai da ba kowa ke da su ba. Su 'yan kaɗan ne, kuɗin da suka samu a makonnin farko ya isa ya riƙe su shekaru. Kamfanin nasu ne, ba mai hannun jarin da zai ce a bar wannan a kama wani. Kuma kowane sabon ƙari yana jawo sabbin masu saye. Akwai mutunci a ciki, akwai kuma lissafin kasuwa.

34/ Ku lura da wani abu: kuɗin da aka yi gyaran farko da shi na 'yan 2016 ne. Su suka biya, mu muka ci. Shi ya sa in na ga ɗan 2022 yana yi wa ɗan 2016 gorin riƙo, sai in ji wani iri. Kamar baƙo ne ya ƙoshi a gidan biki ya koma yana zagin wanda ya sayo shinkafar.

35/ Wannan ba ya wanke masu barazanar kisa. Wanda ya rubuta sharhi ya ce an yaudare shi, ya nemi kuɗinsa, ya yi abin da ya dace. Wanda ya tsoratar da ma'aikata da iyalansu saboda gem, wannan ba ɗan wasa ba ne mai ƙorafi, mai laifi ne. Kada a haɗa su a kwando ɗaya, ko don a kare kamfani ko don a kare 'yan wasa.

36/ Abin da na fi girmamawa a wurin Murray shi ne ya koyi rufe baki. Yanzu ba ya tallan abin da bai gama ba. Alama ɗaya yake sakawa a shafinsa na X, mutane su yi ta hasashe, bayan 'yan kwanaki abu ya sauka kowa ya gani da idonsa. Gani ya kori ji. Da haka aka yi tun 2014 da duk wannan bai faru ba.

37/ Sai dai a Disamba 2023 ya hau dandalin The Game Awards ya nuna sabon gem ɗinsu, Light No Fire, ya ce duniya ɗaya ce mai girman tamu. Masoyansa da kansu suka fara raha suna cewa Sean, don Allah kar a sake. Dariya ake yi, amma a ƙarƙashinta kowa ya tuna.

38/ Mu nan da dala ta fi ƙarfinmu, gem ɗaya na iya cinye kuɗin abincin wata, ga datar da za ka zuba kafin ka sauke shi, ga kuma kowane sabon ƙari da nasa nauyin. Ba mu da kuɗin cinikin biri a sama. Ko wane ne ya yi gem ɗin, ko ya taɓa tuba sau goma, ni dai sai ya fito, masu kuɗi sun gwada, na karanta masu yabo da masu zagi.

39/ In za ku karanta sharhi, ga yadda nake yi. Ina duba kwanan wata. Ina duba awa nawa mutumin ya yi, don Steam na nunawa. Mai awa 3 da mai awa 300 ba abu ɗaya suke aunawa ba. Kuma ina fara karanta masu ƙorafi, don in abin da ya dame su bai dame ni ba, to an gama.

40/ Shin ina ba ku shawarar ku buga No Man's Sky? Ƙwarai kuwa, musamman in kun same shi a ragi kuma kuna son yawo ba gaggawa. In yaƙi mai zafi ko labari mai ɗaure kai kuke nema, zai gundure ku. Ku ji daɗinsa, ku gode wa waɗanda suka gyara. Maganar yafiya kuma ku bar wa masu ita.

41/ In akwai wanda ya saya tun 2016 a cikinku, ko yayanku ya saya kuna gefe kuna kallo, ina son jin ta bakinku: kun koma ko kun bar shi har yau? Sauran kuma ku faɗa min wane gida kuke a cikin huɗun nan.